Littafin Awon Tela: Tumbi da Ƙwaƙwalwa a Dutse

In Sallah ta rage kwana goma, shagon tela a Dutse ba ya rufuwa sai dare ya raba. Keken ɗinki na kuka, ƙyallayen shadda sun rufe ƙasa, masu kaya na zaune a kan benci kowa yana jiran nasa. A kan teburin yanka akwai wani tsohon littafi da maiƙon hannu ya ɓata gefensa. Littafin awo ke nan. Kowane mai ɗinki da shafinsa: tsawon riga, kafaɗa, hannu, wuya, ƙirji, tumbi. Wanda ya daɗe da tela ɗaya, za a ga an soke lamba a shafinsa an rubuta wata a sama, an kuma sokewa. Tsawo yana nan yadda yake, kafaɗa ma haka. Layi biyu ne kawai ke tafiya, wuya da tumbi. A layin tumbi, inci 34 ta koma 37, ta koma 41.

Tela yakan zagaya tef, ya duba lambar, ya ce, "Alhaji, jiki ya yi kyau, sai mun ƙara yadi." Shi kuma ya amsa, "Hutu ne, Malam." Su yi dariya, a rubuta sabuwar lamba.

Tufafinmu ma suna taya mu rufa wa tumbi asiri. Mai ɗaura bel yana ganin ramukan bel ɗinsa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Mai wando da zariya kuwa sassautawa kawai yake yi, babbar riga ta lulluɓe sauran. Zani da hijabi haka suke yi wa mata. Mutum zai iya ƙara kilo goma sha biyar a shekara goma ba tare da ya taɓa hawa sikeli ba, kuma duk wanda ya gan shi barka zai yi masa: ya murje, ya samu kwanciyar hankali. Amaryar da ta yi wata huɗu a ɗakinta ba ta ciko ba, sai gwaggo ta ja ta gefe ta tambaye ta, "'Yata, lafiya kuwa kuke zaune?" Wannan fahimta tana da tushe. Mutanen da iyayensu suka ga farin 1973 da na 1984 sun san rama da yunwa da ciwo tare suke zuwa. Abin da ba a saba ji ba shi ne cewa tumbin da aka ajiye a shekara arba'in yana da lissafi da ƙwaƙwalwa, kuma sai bayan shekara ashirin ko talatin ake kawo takardar bashin.

Dutse wuri ne da ake iya ganin sauyin da ido, domin cikin rayuwar mutum ɗaya ya faru. Ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga jihar Kano, ta ba Dutse hedikwata. Kafin nan gari ne na sarauta da noma a gindin duwatsu, fadar Sarki a Garu, itatuwan dabino a kewaye. Sai ga ma'aikata daga Kano, da yawansu sun bar iyali a can, suna kwana a Dutse daga Litinin zuwa Juma'a, cikinsu a hannun mai shayi da mai tsire da mai sayar da shinkafa. Daga baya aka gina sabuwar sakatariya da rukunin gidaje, Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, filin jirgin sama ya biyo baya. Ɗan manomin Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, wanda ubansa ke saɓa fartanya ya taka zuwa gona kafin rana ta fito, yanzu kujera ce wurin aikinsa daga safe zuwa la'asar. Babur ke kai shi kasuwa, wani lokaci har masallacin unguwa. Tuwon dawa da miyar kuka da kwaɗon zogale sun matsa gefe, shinkafa da taliya da burodi sun shigo tsakiya, ga shayi mai kauri da sukari cokali huɗu, ga lemon kwalba mai sanyi wanda zafin watan Afrilu ke sa mutum ya sha biyu a zama ɗaya. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, kuɗin da bai kai ya hana kowa saye ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna ƙiba da wani lissafi mai suna BMI: a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. In sakamakon ya kai 25, nauyi ya wuce kima. In ya kai 30, teɓa ce. Da wannan ma'auni, a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da teɓa, kuma a tsakanin manya adadin ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. A Najeriya, babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya samu kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. Masu ƙibar sun fi yawa a birane da gidajen masu hali. Jigawa tana cikin jihohin da rama ta fi ƙiba yawa, amma a unguwannin Takur da Gida Dubu na Dutse da ofisoshin sakatariya ana ganin ɗaya fuskar.

Abin sha'awa, ɗaya daga cikin manyan binciken da suka haska wannan al'amari a kan ma'aikatan gwamnati aka yi shi. A 1985, a Landan, Farfesa Michael Marmot da abokan aikinsa suka ɗauki ma'aikata 10,308 masu shekara 35 zuwa 55, masinja da akawu da manyan sakatarori, suka riƙa auna su lokaci bayan lokaci. Sunan binciken Whitehall II. Bayan kusan shekara talatin, Archana Singh-Manoux ta duba waɗanda ruɗewar tsufa ta kama a cikinsu, wato cutar nan da ke cinye tunani har mutum ya manta sunan ɗansa. A 2018 ta fitar da sakamako: wanda yake da teɓa yana ɗan shekara 50 ya fi shiga haɗari, amma teɓar da aka auna a shekara 60 ko 70 ba ta nuna haka ba. Ta kuma lura cewa waɗanda cutar za ta kama sukan fara ramewa shekaru da dama kafin likita ya gane ta.

Tun kafin nan, a Kalifoniya ta Amurka, Rachel Whitmer ta tono tsofaffin katunan asibiti na mutum 10,276 da aka auna tsakanin 1964 da 1973, lokacin suna da shekara 40 zuwa 45. Ta bi sawunsu zuwa tsufa. A rahotonta na 2005, masu teɓa sun fi masu matsakaicin jiki haɗarin ruɗewa da kashi 74 cikin 100, waɗanda nauyinsu ya ɗan wuce kima kuma da kashi 35. A 2008 ta koma kan wani awon da aka yi musu, kaurin ciki daga cibiya zuwa baya. Masu tumbin da ya fi girma haɗarinsu ya kusa ninka na masu ƙaramin ciki sau uku. Har mutumin da sikeli ya ce nauyinsa daidai ne, in yana da tumbi, haɗarinsa ya ɗaga.

An taɓa samun ruɗani a 2015, da wani bincike na mutum kusan miliyan biyu a Birtaniya ya nuna kamar ramammu ne suka fi haɗari, masu ƙiba kuma sun fi tsira. Jaridu suka yi ta yayatawa. Mika Kivimäki da abokansa suka warware ƙullin a 2018 da bayanan mutum miliyan 1.3: in an auna mutum fiye da shekara ashirin kafin cutar ta bayyana, ƙiba ce ke tafiya da ita. In an auna shi dab da bayyanarta, rama ake gani, domin cutar ta riga ta fara taɓa sha'awar abinci da jin ƙamshi da tuna lokacin ci. Wannan yana da amfani ga duk gidan da ke da tsoho. Dattijon da ya fara zubewa ba tare da wani dalili ba, a kai shi asibiti, kada a ce tsufa ne kawai.

To, me ake gani in an leƙa cikin kai? Na'urar hoto ta MRI tana raba ƙwaƙwalwa gida biyu. Akwai ɓangare mai ruwan toka, inda ƙwayoyin tunani suke zaune, akwai kuma farin ɓangare, wato wayoyin da ke sada wannan yanki da wancan. A 2019 Mark Hamer da David Batty suka duba hotunan mutum 9,652 a Birtaniya, matsakaicin shekarunsu 55. Masu matsakaicin jiki, ɓangarensu mai ruwan toka ya kai santimita kubik 798. Masu teɓa marasa babban tumbi, 793. Masu teɓa da tumbi tare, 786. A Jami'ar Kambirij kuma, a 2016, Lisa Ronan ta auna mutum 473 masu shekara 20 zuwa 87, ta ga cewa daga tsakiyar rayuwa farin ɓangaren mai ƙiba yana kama da na siririn da ya girme shi da shekara goma.

Ya kamata a tsaya a kan waɗannan lambobi da adalci. Bambancin 798 da 786 bai cika babban cokali ɗaya ba, kashi ɗaya da rabi ne cikin 100. Kuma a binciken Kambirij, da aka yi wa mutanen jarrabawar fahimta, ba a ga masu ƙiba sun gaza ba. Ƙiba ba daƙiƙanci ba ce. Akwai malamai da alƙalai da 'yan kasuwa masu jiki waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta fi ta dubban sirara kaifi, kuma duk wanda ya ɗauki wannan ilimi ya mai da shi abin yi wa wani gori ya zalunce shi. Abin da bincike ke nunawa matsakaici ne na dubban mutane: 'yar tawaya a saurin tunani, da tsara aiki, da riƙe abu a kai na ɗan lokaci, wadda ke taruwa a hankali. Hoton rana ɗaya kuma ba ya faɗin wanne ya riga wanne, kitsen ko tawayar. Shi ya sa masana suka koma neman hanyoyin da kitsen ciki zai bi ya isa kai.

Hanya ta farko, kuma mafi girma a ƙasarmu, jijiyoyin jini ce. Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cin kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Kowane minti sai an kai mata jini kimanin kwata uku na lita. Mai lambu a fadama zai gane wannan da sauri. Inji yana turo ruwa ta babban tiyo, ruwan ya rabu zuwa ƙananan magudanai, kowane fangali ya samu rabonsa. In ƙarfin ruwan ya yi yawa, ya zaizaye bakin magudanai. In laka ta taru, su toshe. Fangalin da ke can ƙarshen layi shi ke fara bushewa, kuma mai lambu ba zai lura ba sai ganye ya yi ja. Haka hawan jini ke yi wa siraran jijiyoyin da ke ciyar da farin ɓangaren ƙwaƙwalwa. Bangonsu ya yi kauri, hanyar ta ƙuntata, wasu su toshe ba tare da mutum ya ji komai ba. A hoton MRI sai a ga fararen ɗigo-ɗigo a warwatse. In babbar jijiya ce ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda ba wata unguwa a Dutse da ba ta san ta ba.

A nan ba sai an je Turai neman hujja ba. Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitoci 15 na Najeriya da Gana, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya gwada mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye da wasu 2,118 masu lafiya. Sakamakon da ya fito a 2018 ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na matsalar a kan hawan jini. A cikin sauran abubuwan da aka lissafa akwai girman tumbi in an gwada shi da ƙugu, da ciwon suga, da yawan cin nama, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, da rashin motsa jiki, da ƙarancin cin ganye. Wannan na ƙarshe abin lura ne ga mutanen da Allah ya ba zogale da rama da yakuwa da tafasa a bayan gida, amma wasu suka fara kallonsu a matsayin abincin talaka.

Hanya ta biyu daga kitsen kansa take fitowa. Duk wanda ya tsaya a kan ragon layya lokacin da ake feɗe shi ya ga kitse iri biyu. Akwai na ƙarƙashin fata, akwai kuma wani fari mai kama da raga wanda ya lulluɓe tumbi da hanji, da wanda ya dunƙule a kan ƙoda. Na biyun nan shi ne ke turo cikin mutum gaba. An daɗe ana ɗaukarsa ajiya ce kawai, sai a 1993 Gökhan Hotamisligil ya nuna cewa kitsen da ya yi yawa yana fitar da sinadaran kumburi, irin waɗanda jiki ke saki in ya ji rauni. Jinin da ke fitowa daga kitsen hanji kuma kai tsaye hanta yake zuwa. Hanta ta yi kitse, jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke saukar da suga, suga ya taru a jini. Binciken Rotterdam na ƙasar Holan ya nuna a 1999 cewa ciwon suga yana kusan ninka haɗarin ruɗewar tsufa. Wurin da ya fi jin jiki shi ne wani ɗan lanƙwasasshen yanki a kowane gefe na kai, hifokamfas, wanda aikinsa shi ne karɓar sabon abu ya rubuta shi. Shi ya sa tsohon da ya fara ruɗewa zai ba da labarin zamanin Sardauna tiryan-tiryan, amma ya manta ya ci abincin rana.

Hanya ta uku matan aure sun fi likitoci saninta. Minshari ne. Maigida ya kwanta, ya yi ta jan minshari, can sai ya yi tsit kamar numfashi ya ɗauke, daƙiƙa goma, ashirin, sannan ya fizgo iska da ƙarfi ya juya. Kitsen wuya ne ke danne maƙogwaro in tsoka ta saki, kuma yakan faru sau da dama a awa guda. Duk lokacin da ya faru iskar da ke jini tana raguwa, jini ya hau, barci ya katse ba tare da mai shi ya sani ba. Da safe ya tashi da ciwon kai, ya yi gyangyaɗi a taro, ya yi a huɗuba, wani ma a kan sitiyari tsakanin Kwanar Huguma da Wudil. Likitoci sukan sa ido in wuyan namiji ya kai inci 17. Wannan lamba tana nan a littafin tela, layi ɗaya sama da ƙirji.

Amma maganar ba ta gefe ɗaya take tafiya ba, domin ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da linzamin yunwa. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano leftin, wani sinadari da kitse ke aikawa zuwa gindin ƙwaƙwalwa ya ce rumbu ya cika. Bayan shekara uku, a Kambirij, Sadaf Farooqi da Stephen O'Rahilly suka gamu da yara biyu 'yan uwa, asalinsu Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya yin wannan sinadari. Yaran ba sa ƙoshi ko kaɗan, kullum cikin neman abinci suke, sun yi ƙiba mai ban tsoro. Da aka fara yi wa babbar allurar leftin, yunwar ta kwanta, nauyi ya sauka. Irin wannan lalura ba ta da yawa a duniya, amma ta tabbatar da cewa jin ƙoshi saƙo ne na jiki, ba tarbiyya kaɗai ba. Yawancin masu teɓa leftin ɗinsu ma yawa gare shi, ƙwaƙwalwar ce ta daina saurare. A 2012 masu bincike a Siyatil suka ga cewa ɓerayen da aka ɗora kan abinci mai maiƙo sun fara samun kumburi a wannan cibiya ta yunwa cikin 'yan kwanaki, tun kafin su yi nauyi. Saboda haka mutumin da ya rage kilo goma ya ga sun dawo ba rago ba ne. Jikinsa ne ke kare tsohon nauyin, yana ƙara masa yunwa yana rage ƙona abinci. Hana tumbi fitowa a shekara talatin da biyar ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan mai da shi a hamsin.

Akwai kuma ƙibar da ake saye da kuɗi. A garuruwan Arewa 'yan mata da zawarawa da amare sun san "sha-ka-fashe", ƙwayoyin da ake samu a wasu kemis da hannun 'yan talla. Galibi ɗayan biyu ne: sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci, ko deksametason, wanda likitoci ke bayarwa da taka-tsantsan don asma da kumburi. Deksametason yana cika fuska ta yi zagaye, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ƙafafu kuma su sirance. Yana ɗaga suga da jini, yana cin ƙashi, kuma wadda ta daɗe tana sha in ta bari farat ɗaya za ta iya faɗuwa rai a hannun Allah, sai dai likita ya janye mata shi sannu a hankali. A 1992 Monica Starkman ta Jami'ar Mishigan ta auna masu wata cuta da ke sa jiki ya cika da irin wannan sinadari, ta ga hifokamfas ɗinsu ya ƙanƙance, tunawarsu ta ragu. Yarinyar da ke shan ƙwayar nan don a ce ta yi kyau ranar kamu, ba ita ce abar zargi ta farko ba. Idon da ya ce mata ramammiya ba ta cika mace ba, daga gida yake.

Najeriya ta taɓa ba duniya darasi a wannan fage. Daga 1992, Farfesa Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi a Ibadan, tare da Hugh Hendrie a Indiyanafolis ta Amurka, suka auna tsofaffin Yarabawa da tsofaffin baƙaƙen Amurka da ma'auni iri ɗaya. A rahoton 1995, kashi 2.29 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne suka ruɗe, a Indiyanafolis kuwa 8.24. Tsofaffin Ibadan na lokacin sirara ne, masu tafiya da ƙafa, hawan jini da suga da kitsen jini sun fi ƙaranci a cikinsu. Wani bincike a Zariya da aka buga a 2011 ya samu adadi kusa da na Ibadan, kusan kashi 3. Waɗannan tsofaffi an haife su ne tun zamanin Turawa, da gero da ganye da tafiya suka yi ƙuruciyarsu. 'Ya'yansu da jikokinsu wata rayuwar suke yi, kuma su ne yanzu ke shiga shekara hamsin.

A Jigawa akwai wani nauyin da Landan da Kalifoniya ba su ɗauka ba. Binciken 2018 ya samu kashi 64 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali matsakaicin ƙasa kashi 37 ne. Daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, kwana dubu na farko, shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin ginuwa, kuma yunwar wannan lokaci tana barin tabo. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta auka wa yammacin Holan na 'yan watanni. Da aka auna samari 300,000 masu shiga soja, aka ga waɗanda yunwar ta same su a farkon zamansu cikin mahaifa sun fi yin teɓa. A 2010, da wasu 'yan wannan zamani suka kusa shekara sittin, aka ga sun fi sa'o'insu rauni a jarrabawar tattara hankali. A Delhi ta Indiya ma an bi yara tun daga haihuwa, aka ga waɗanda suka tashi ramammu sannan suka yi saurin ƙiba bayan shekara biyu su ne suka fi kamuwa da suga suna samari. Jikin da aka gina don ƙarancin abinci, ƙodarsa da jijiyoyinsa a tsuke aka yi su. Yaron Miga ko Buji da ya tsira daga tamowa, ya yi karatu, ya samu aiki a Dutse, ya fara cin abin da bai samu ba yana ƙarami, shi ne wanda ya fi cancanta a auna jininsa da wuri. Unguwarzoma mai ba mai ciki shawarar abinci a asibitin Jahun da likitan hawan jini a asibitin Rasheed Shekoni, ƙwaƙwalwa ɗaya suke tsaro daga bakin hanya biyu.

Kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Gill Livingston, ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da in an kauce musu za a iya hana ko jinkirta kashi 45 cikin 100 na ruɗewar tsufa. Rabon teɓa ita kaɗai kashi 1 ne. Amma ba ta tafiya ita kaɗai: hawan jini 2, suga 2, rashin motsi 2, mugun kitsen jini 7. Ƙarancin karatu a ƙuruciya yana da 5, raunin ji yana da 7.

Wani ɓangare na ɓarnar yana gyaruwa. A 2011 Kirk Erickson ya raba tsofaffi 120 gida biyu a Amurka. Rabi suka riƙa tafiya da sauri minti 40 sau uku a mako, rabi suna miƙe gaɓoɓi kawai. Bayan shekara guda hifokamfas ɗin masu tafiya ya ƙaru da kashi 2 cikin 100, na sauran ya ragu da kusan ɗaya da rabi. A Finlan, mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77 suka shiga gwajin shekara biyu na gyaran abinci da motsa jiki da kula da jini, waɗanda aka fi matsa wa suka fi riƙe kaifin tunani. A 2019 wani babban gwaji a Amurka ya nuna cewa saukar da hawan jini sosai ya rage farkon raunin tunani da kashi 19. Rage nauyi shi kaɗai bai nuna irin wannan tasiri ƙarara a gwaje-gwaje ba, tafiya da maganin jini su ne hujjarsu ta fi ƙarfi.

A Dutse lokacin tafiya bayan sallar Asuba ne, kafin duwatsu su ɗauki zafi, kuma titunan garin masu faɗi ne. Ga maza wannan abu ne mai sauƙi. Matan da ba sa fita sai da dalili su ne ke da ƙunci, gidajen rukuni kuma ba su da tsakar gida irin ta ƙauye, inda daka da surfe da jan ruwa a rijiya suke cinye rabin yini. Wannan magana ce da ke hannun maigida da makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin mata, waɗanda ke da filaye masu katanga da ke zama babu kowa da hantsi.

Awon kansa ba ya bukatar sikeli. Hukumar tsara magani ta Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa zagayen cikin mutum kada ya kai rabin tsawonsa. A samu zare, a auna shi daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke, a ninka biyu, a zagaya ciki da shi ɗan sama da cibiya, bayan an saki numfashi. In bakin zaren biyu sun haɗu, to madalla. Mutum mai tsawon inci 68, iyakarsa inci 34 ce. Wanda zarensa ya kasa haɗuwa, abu na gaba shi ne ya miƙa hannu a ɗaura masa abin awon jini a asibitin da ya fi kusa, a ga ko ya kai 140 bisa 90, sannan ya koma wata safiya bai karya ba a ɗiga jinin yatsarsa a duba suga.